Motar Umm Badar a Gonar Dabino

Ranakun aiki da yawa sun wuce, ko an tsare ni ba zan iya tuno su ba, amma ranar da aka kai ni duba wata ruɓaɓɓiyar motar Amurka a gonar dabino a Dir'iyya, ita kam ban taɓa mantawa da ita ba. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga zamana na Riyad, to ku ajiye guduma ku matso.

Ni dai kun san ni, Haladu fanel bita, a Ƙofar Ruwa na koyi sana'a. A can Saudiyya samkari suke kiran mai irin aikinmu, gareji kuma warsha. Warshar da na yi aiki tana cikin Sana'iyya, unguwar da aka tara garejojin gari. Mai ita wani Balarabe ne, Abu Turki, kuma shi ne kafilina, wato da sunansa aka yi mini takardar zama. A ƙarƙashinsa kowane ɓangare yana da shugabansa da ake kira mu'allim. Ni ne mu'allim na walda da gyaran jikin mota. Ɓangaren inji kuwa yana hannun Lawali, mutumin Damagaram. Kun san tsakanin Bakano da Badamagare, to haka muke wuni, in bai tsokane ni ba sai in tambaye shi ko ba shi da lafiya ne. Ƙa'idar warshar ita ce ba a karɓar tsohuwar mota sai mu biyun mun je mun gan ta a inda take, kowa ya faɗi abin da ya gani.

A farkon 2018 ne, an riga an yi sanarwar cewa mata za su fara tuƙi idan bazara ta shigo, gari ya ɗauka, ko ina ka zauna maganar ke nan. Wata safiya Abu Turki ya shigo yana ta murmushi shi kaɗai, ya ce mu ɗauko kayan aiki mu shiga mota. A hanya ya ce wata dattijuwa ce ke da motar mijinta marigayi, irin masu ƙofa biyu da dogon hanci na shekarun 1970, mai inji silinda takwas. Ya ce an gaya masa tsatsa ta ɗan taɓa ta.

Ban ɗauki maganar tsatsar da muhimmanci ba. A Riyad rana ce ke cin mota. Za ta ƙone fenti, ta busar da roba, ta farfasa kujeru, amma ƙarfe yana nan garau, don babu damshi. Da muka kusa isa sai Abu Turki ya rage murya ya ce, "Ya Haladu, irin wannan motar ba ta zuwa wa mutum sau biyu. In ta shiga warsharmu duk Sana'iyya sai sun zo kallo. Ka duba ta da idon rahama."

Na ce, "In sha Allahu, ya Abu Turki."

Gonar tana gefen kwarin Hanifa. Ɗan matar ne ya tarbe mu, wani mutum mai natsuwa, sunansa Badar. Ya bayyana mana cewa gonar ta faɗa cikin wurin da za a yi sabbin gine-gine, dole su kwashe komai kafin wata ya ƙare. Har ya riga ya kira motar ɗaukar motoci, wadda suke kira satha, tana tsaye a bakin ƙofa. A ranar za a yanke hukunci: ko a kai motar warsha, ko a kai ta tashlih, wurin da ake sassaƙe matattun motoci a sayar da kayansu. Mahaifiyarsa, Umm Badar, tana zaune a inuwa kan kujerar roba, ga butar gahawa da farantin dabino a gabanta. Ta haura sittin, amma muryarta ta fi ta kowa ƙarfi a gonar.

Kafin mu ƙarasa wurin motar Badar ya ja ni gefe. Ya ce, "Ya mu'allim, mahaifiyata ce, ita kaɗai ta rage mini. Ta ce da wannan motar za ta fara tuƙi. Ni na yi alkawarin saya mata sabuwa ƙarama mai lafiyayyen birki, ta ƙi. Don Allah ka gaya mata motar nan ta mutu. Daga bakinka za ta yarda."

Kun ga inda aka sa ni. Wanda takardar zamana ke hannunsa ya ce in ce tana da rai, ɗan mai mota ya ce in ce ta mutu, ni kuma ko ganinta ban yi ba.

Muka yaye tamfol ɗin da aka rufe ta da shi. Abu na farko da ya fito shi ne wata mage, ta bi ta tsakanin ƙafafun Abu Turki da gudu, ya yi tsalle yana salati. Sannan muka ga motar. Lawali ya dafe kai ya yi kabbara. Ko a haka, tayoyi sun zauna a ƙasa, fenti kore ya koma kalar tsohon kwano, kana ganinta ka san an ƙera ta ne don gudu. Faɗi gare ta kamar ɗaki, hancin kuwa sai ka yi tafiya kafin ka kai ƙarshensa. Amma a nan na gane inda tsatsar ta fito. An ajiye ta ne a gefen bututun ban ruwa, bututun yana ɗiga shekara da shekaru, ruwan rijiyar wurin kuma yana da gishiri, ga tamfol ya hana damshin fita. Da na ɗaga but sai na tarar da ɗan dabino ya tsiro daga ƙasa, ya ratso ta cikinsa yana neman haske.

Na buɗe ƙofar direba, na sa ƙafa zan shiga. Sai ji na yi ƙasa ta tafi da ni. Ƙafata ta burma har gwiwa, da na zaro ta kuma takalmina ya zauna a can ƙarƙashin mota. Lawali ya zube a ƙasa yana dariya har yana tari, yana cewa, "Bakano bai ko taɓa mota ba ya fara lalata wa mutane kaya!"

Umm Badar ta ɗago murya daga inda take ta ce, "Ma sha Allah, ya mu'allim, tun yanzu ka gano mata ƙofa ta uku!"

Bari in gaya wa sababbinku yadda ake duba irin wannan. Kaya uku nake ɗauka: ƙaramar guduma, sukudireba, da maganaɗisu. Maganaɗisu kake bi da shi a jikin mota, duk inda ya ƙi kamawa to ba ƙarfe ba ne a wurin, foti aka cika aka shafe da fenti. Guduma kuma kunnenka take yi wa aiki, don ƙarfe mai rai ƙara yake yi, matacce kuwa sai ka ji kamar ka buga katifa. Inda ka yi shakka sai ka soka sukudireba. Kuma kada jikin mota ya tsorata ku. Irin waɗannan motocin jiki daban ne, shasi daban. Jiki ana yanke shi a ɗinke. Shasi shi ne ke ɗauke da inji da tayoyi da ran wanda ke ciki, shi ake zuwa gani.

Muka shimfiɗa katako, muka sa jak muka ɗaga ta, na kwanta na shige da tocila a baki. Duk bugu ɗaya sai tsatsa ta zubo mini a fuska kamar garin barkono. Gaban shasin ya ba ni mamaki. Injin ya daɗe yana yoyon baƙin mai tun tana aiki, man ya lulluɓe ƙarfen ya hana ruwa taɓa shi, da na goge sai ga shi baƙi sumul yana amsa guduma. Na yi ta matsawa baya ina bugawa, tsakiya ma lafiya. Sai da na kai baya ta hagu, daidai inda bututun ke ɗiga, sukudireba ta shige kamar a cikin burodi. Wajen kamu ɗaya ya ruɓe, kuma a daidai inda ƙafar baya ke ɗaure. Daben motar kuwa babu shi, ƙasan but ma babu, ƙasan ƙofofi sun zama rariya. Rufi da ginshiƙansa ne suka tsira.

Ina can ƙasa, Lawali yana sama yana nasa. Ya kwance fulogogi, ya ɗura mai a kowane rami, ya ce a bar shi ya jiƙa. Muka je muka yi sallar azahar, muka sha gahawa. Da muka dawo ya sa babbar sifana a gaban injin, ya ƙara mata bututu don ta yi tsawo, ya danna. Shiru. Ya koma ɗaya gefen ya ja. Shiru. Ya yi ta lallaɓa ta gaba da baya yana yi mata magana da Hausar Damagaram, sai can muka ji ƙyas, sifana ta tafi. Inji ya juya! Lawali ya saki sifanar ya yi rawa a cikin ƙura, mutum mai 'ya'ya manya.

Daga nan babu mai iya tsayar da shi. Ya zubar da tsohon baƙin mai ya zuba sabo, ya goge wayoyi, ya roƙi direban satha ya ara mana batir. Tankin mota ba ya amfanuwa, don haka a gorar ruwa ya zuba fetur, ya ɗiɗɗiga a kafireta. Ya ce kowa ya ja baya. Bugu na farko ta yi tari. Na biyu ta yi atishawa, wuta ta yi tsalle daga kafireta, Abu Turki ya ɓuya a bayan dabino. A na uku ta tashi.

Ban san yadda zan kwatanta muku ƙarar nan ba. Salansa ta riga ta ruɓe ta faɗi, babu abin da ke tare muryar injin. A ƙirjina na fara jin ta kafin kunne. Tattabarun gonar gaba ɗaya suka tashi sama, awaki suka tsallake shinge, direban satha ya zubar da shayinsa a jiki. Ta baya kuwa hayaƙi ne da tsatsa da gidan ɓera suke fitowa kamar an harba bindiga. Ba ta daɗe ba fetur ya ƙare ta mutu, amma mu ba mu daina ihu ba. Na tsinci kaina rungume da Lawali, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Rawanin Abu Turki ya faɗi bai ma sani ba. Umm Badar ta miƙe tsaye ta rangaɗa guɗa irin tasu. Shi kansa Badar, da ya roƙe ni in kashe maganar, na hango shi baki buɗe yana dariya kamar yaro.

Da hayaniya ta lafa kowa ya juyo yana kallona. Abu Turki yana ɗaga mini gira, Badar yana girgiza mini kai a hankali. Na ce a zo gaban Umm Badar, in faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

Na ce, "Ya Umm Badar, inji yana da rai, amma ba inji ne ke yanke hukunci ba. In don a gyara a sayar ne, kada a fara, abin da za a zuba ba zai dawo ba. In kuma don a mayar da ita yadda marigayi ya bar ta ne, komai na asali, za a yi shekaru ana neman kaya daga Amurka, a ƙarshe kuma yawancin ƙarfen da ke jikinta ba wanda hannunsa ya taɓa ba ne. In don tunawa da shi ne, gara in cire miki sitiyarin in goge shi ki rataye a falo."

Ni a zatona na yi magana mai taushi. Sai ta kalle ni ta ce, "Wa ya ce maka don tunawa da shi nake so? Hotonsa yana falo, ga ɗansa nan tsaye da irin hancinsa. Allah ya jiƙan Abu Badar, ya riƙe ni da mutunci har ya koma ga Allah. Amma bawan Allahn nan bai iya tuƙi ba."

Badar ya ce, "Yumma!" Haka suke kiran uwa.

Ta ce, "Ƙarya na yi? Ya je karatu Amurka ya dawo da wannan dodon a jirgin ruwa, sannan ya riƙa tafiya da ita kamar ya ɗauko tiren ƙwai. Tankar ruwa tana wuce mu. Wata rana mai keke ya wuce mu a unguwar Malaz, har ya waiwayo ya gaishe shi. Ni ina zaune a gefe ina jin injin yana roƙo, ina cizon yatsa. Tun ina amarya nake tuƙa a-kori-kurar gonar nan, ni ke kwasar dabino da ciyawa, giyar hannu ce kuma. Sau nawa na ce ya ba ni wannan, ya ce sai ranar da aka yarda mata su hau titi. To ga shi an yarda, shi kuma ba ya nan. Ni ba ruwana da na asali ko ba na asali ba. So nake in ji abin da ke cikinta."

Lawali ya juya baya yana ɓoye dariya. Ni kuwa sai na ji kaina ya buɗe, don wannan wani aiki ne daban da wanda nake aunawa. Na ce mata in haka ne, ana iya yi, amma da sharaɗi. Za mu ɗage jikin gaba ɗaya, in yanke bayan shasin in sa sabon ƙarfe mai kauri, in auna shi ya daidaita. Za a sa birki na zamani a ƙafa huɗu da bel a kujeru. Ba za ta karɓi makulli ba sai motar ta ci fahas, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, ita ma ta samu lasinta. Kuma in na ɗage jiki na tarar ruɓar ta wuce abin da na gani yau, zan tsaya, ba wanda zai sa ni in ci gaba. Na faɗi wannan ina kallon Abu Turki. Ya ce ya yarda.

Badar yana wasa da makullin motarsa ya ce shi ma yana da sharaɗi: ranar farko yana zaune a gefenta. Ta ce, "Na yarda, in za ka rufe bakinka."

Direban satha, da ya gaji da jira, ya leƙo ya ce, "Ina za mu? Tashlih ko Sana'iyya?"

Umm Badar ce ta amsa masa da kanta, da muryar da na tabbata an ji ta a gonar maƙwabta.

Aikin ya ci mu fiye da shekara. Ranar da muka ɗage jikin ban iya karyawa ba don fargaba. Aka kankare shasin da yashi mai ƙarfin iska har ƙarfe ya fito fari, na bi shi taku-taku. Na sami wani ƙaramin wuri da ban gani ba a gona, amma bai kai na tsayawa ba. Abin da Abu Turki ya faɗa kuma ya tabbata, don makanikai daga wasu warshoshi suka riƙa zuwa da kofin shayinsu suna tsayawa kallo, kowa da shawararsa. Umm Badar takan zo lokaci-lokaci tare da Badar, da tukunyar kabsa, shinkafa da nama irin nasu, a bayan mota, ta zauna a ofis tana tambayar Lawali me ya sa har yanzu ba a gama ba. Da aka zo maganar fenti na kawo mata koren da ya yi daidai da na da. Ta ture shi ta ce wannan zaɓin marigayi ne. Ruwan ɗorawa ta zaɓa, mai ƙyalli, da baƙaƙen layuka biyu tun daga hanci har but.

Wata safiyar Juma'a a lokacin sanyi na 2019, titi babu kowa, muka miƙa mata makulli. Mota ta ci fahas, lasi yana jakarta. Ta zauna, ta gyara madubi, ta ɗaura bel, ta sa Badar ya ɗaura nasa. Ni da Abu Turki muka shiga a-kori-kurar warsha, Lawali yana tuƙi, muka bi bayansu. Ta fita daga Sana'iyya a hankali, tana ba da sigina, tana tsayawa a kowace danja kamar 'yar makaranta. Lawali ya ce, "Kai, ashe ita ma irin mijinta ce. Mun sha wahalar banza."

Bai rufe baki ba muka hau babban titin da ya fita gari. Muka ji muryar injin ta canza, bayan motar ya ɗan zauna, sai ɗigon ruwan ɗorawa muka hango yana ƙanƙancewa. Lawali ya take totur har ƙasa, a-kori-kura tana kuka tana karkarwa, Abu Turki ya riƙe ƙofa yana ihu yana dariya lokaci ɗaya. Ni kuwa addu'a nake, ina tuno kowane ɗinkin walda da na yi a bayan shasin nan.

A wani gidan mai muka cim musu. Badar yana zaune a bakin kwalta da gorar ruwa a hannu, yana dariya hawaye na zuba. Ita tana tsaye ta dafa bonet. Ban ko yi sallama ba na kwanta na shige ƙarƙashi, na shafa waldar nan ɗaya bayan ɗaya. Ko gezau. Da na fito ta ce, "Ya mu'allim, akwai saura a cikinta, na ji."

Badar ya ce, "Yumma, khalas! Ya isa haka!"

Muna nan tsaye wayarta ta yi ƙara. Ba ta zo da tabarau na karatu ba, ta miƙa wa Badar. Ya duba, ya rufe ido, ya ce saƙo ne daga hukumar hanya, kyamara ta ɗauke ta, an ci ta tarar wuce ƙa'idar gudu. Ta ce ya karanta mata da ƙarfi. Ya karanta. Ta ce ya sake, tun daga wurin sunanta. Da ya gama sai ta ce, "To alhamdu lillahi. Yau hukuma da kanta ta shaida ni direba ce." Sannan ta yi masa alkawari a gabanmu cewa ta ji abin da take son ji, daga ranar ba za ta ƙara wuce abin da allo ya rubuta ba. Badar ya gaya mini daga baya cewa ta cika alkawarin, sai dai duk danjar da ta tsaya sai ta ɗan taka totur don na gefe ya san da wa yake tsaye.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne wannan. Za ku iya sanin ƙarfe ciki da waje, ku faɗi inda ya ruɓe ido rufe, amma wannan rabin amsa ne. Ko mota ta cancanci gyara ko ba ta cancanta ba, sai ka san abin da mai ita zai yi da ita, kuma ba a cankar wannan daga fuska ko shekaru. Ku tambaya, ku yi shiru ku saurara, sannan ku faɗi gaskiyar abin da kuka gani a gaban kowa lokaci ɗaya. In kuma dattijuwa ce ta kawo muku motar, ku ƙara duba birki.